Sunan da Bakina Ya Ƙi Kira

Ni, Almira Tolley, 'yar ƙabilar Wailaki, mazauniyar Round Valley kusa da garin Kobelo, nake rubuta wannan da hannuna a watan Satumba na 1958, ina da shekara tamanin a duniya. Hankalina ɗaya yake, ba kuma wanda ya tsaya a kaina ya ce in rubuta kaza. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya gajarce, amma kaina garau. Likita ya zo ranar Talata ya yi ta kwana-kwana, har na ce masa ya daina wahalar da bakinsa, na riga shi sani. Ƙwayar itacen ok ta fara zuba a bayan gida, ban kuwa ga alamar zan sha kununta bana ba.

Zuwa gare ku, 'ya'yana, Orrin, Idella da Leland. Idella ce za ta karanta, tunda Allah ya ba ta muryar da ake ji daga ƙetaren rafi. Amma kada a karanta ko layi ɗaya sai Leland yana zaune, shi da 'yarsa. In sun ƙi zuwa, ku shiga mota ku kai musu takardar har Oakland, ku karanta a bakin ƙofa in ma ba a ce ku shiga ba. Saboda su biyun na ɗauki alƙalami. Shekara ashirin da biyu ke nan da na kori ɗana Leland a kan suna, ba na so a binne ni da maganar nan a bakina. Zan fara da ƙananan abubuwa don hannuna ya saba.

Na ɗaya, fili. Eka goman nan da gidan da ke kai naku ne ku uku, a haɗe, kada a raba. Orrin ya ci gaba da zama a ciki, tunda shi ya gyara rufin har sau biyu. Mai shanun nan na gabas zai zo ta'aziyya da hularsa a hannu, ya yabe ni son ransa, sannan ya tambaya ko kun yi tunanin sayarwa. Ku ba shi kofi, ku raka shi ƙofa. Na san filin ba wani abin a zo a gani ba ne, rabinsa tsakuwa. Na kuma san ba ƙasarmu ba ce. Kwarin nan na mutanen Yuki ne, koro mu aka yi aka zuba a kansu, mu da wasu ƙabilun, kamar an haɗa awakin gari a garke guda. Tamu ƙasar tana arewa, bakin Kogin Il da reshensa, inda duwatsu suka matse ruwa. Amma wannan 'yar tsakuwar ita ta rage da za ku taka ba a ce kun shiga gonar wani ba.

Na biyu, Orrin da Idella. Kai Orrin shekararka sittin da ɗaya, ke Idella hamsin da bakwai, kowa da jikokinsa, amma shekara bakwai ba ku ci a tebur ɗaya ba saboda jan kifi huɗu da suka ɓace a rumfar ƙyafe kifi. Ita ta ce maka ɓarawon rumfa a gaban mutanen coci, kai ka ce mata bakinta ya fi wuƙar fiɗa kaifi, kuma shi ya kori mijinta. Tsofai-tsofai da ku! To ku buɗe kunne: ni na ɗauki kifin. Na naɗe su na ɗaure da igiya, na ba direban motar wasiƙu ya aika wa Leland, ban sa sunan mai aikawa ba. Sannan na zauna ina kallonku kuna yagar juna na yi gum, don girman kai ya hana ni in ce ina ciyar da ɗan da na kora. Laifina ne ni kaɗai. Ku yafe wa juna, ku yafe mini. Rumfar ta Idella ce, raga da mashin sukar kifi na Orrin ne, sai in ga yadda ɗayanku zai ci kifi ba tare da ɗayan ba.

Na uku, taɓaryar dutse da kwandunan Inna, mahaifiyata. Taɓarya ta Idella ce. Kwanduna a raba wa jikoki mata, kada a sayar wa masu zuwa da mota suna tambayar kayan da.

Taɓaryar nan ita kaɗai ta fito daga ƙauyenmu. Inna tana da shekara bakwai ko takwas, ana shanyar nama a cikin kwazazzabo, Turawa suka zo da bindigogi, wai dawakansu aka ci. Ba zan rubuta abin da ta gani ba, ita ma rabi ta faɗa mini. An ɗaure ta a bayan doki aka kai ta wata gona can kudu aka sayar kamar maraƙi. Ta yi shekara tara tana wanke tukwanen wata mata kafin ta gudo.

Ina da shekara goma sha biyar ta kai ni wurin, tafiyar kwana biyu a ƙafa. Ba komai sai ciyawa da ramuka goma sha huɗu, inda bukkoki suka taɓa tsayawa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana nunawa da leɓe: "Nan. Nan. Nan ma." A rami na tara ta durƙusa ta yi ta tono da hannu har ta ciro taɓaryar. Ni kuwa da wautar ƙuruciya na ce, "Inna, gidan wa ne?" Ta juyo ta doke mini baki har leɓena ya fashe. Ta ce, "So kike ki juyo da su? Wahalar da suka sha ba ta ishe su ba?"

Ku ukun kun san abin da take nufi, amma 'yar Leland a birni ta tashi, bari in faɗa dominta. Wanda ya mutu yana kan hanya, hanyar kuwa doguwa ce. In ka kira sunansa zai ji, ya tsaya, ya waiwayo, tafiyarsa ta koma baya. Shi ya sa ba ma kiran sunan mamaci. Tausayinsa ne ke rufe mana baki. Haka aka raine ni, haka na raine ku. Ga kuma abin da ya jawo: ni Almira ban san sunan kakata ba. Ban san sunan mutum ko ɗaya daga bukkoki goma sha huɗun nan ba. Inna ta tafi da su duka a shekarar babbar mura.

Na huɗu ba rabon kaya ba ne, gyaran ƙarya ne. Huɗu na haifa.

Tsakanin Orrin da Idella akwai yarinya. Kun sani, na san kun sani, amma shekara arba'in da takwas ba wanda ya ji haka daga bakina. Tana da wushirya, ba ta iya tafiya sai da gudu. Ita ta goyi Leland, ita ta sa masa Kwaɗo, don kullum yana tsugune a bakin rafi. Tana da shekara tara aka zo aka ɗauke ta zuwa makarantar gwamnati, can kudu mai nisa, tafiyar jirgin ƙasa. A lokacin ta fara saƙar kwandonta na farko, ya kai rabi. Ta miƙo mini ta ce, "Mama, kada ki ƙarasa mini fa. Na san halinki. Ni zan ƙarasa in na dawo."

A watan Maris na 1910 wasiƙa ta zo, layi huɗu. Tarin fuka. Sun riga sun binne ta. Na yanke gashina, na shafa ƙaro a fuska kamar yadda Inna ta koya mini, na rufe bakina.

Wata guda bayan haka mai ƙidayar mutane ya zo da babban littafinsa, ya zauna a kan kututturen faskare. Ya tambayi sunayenmu, babanku ya faɗa masa. Sannan ya dube ni ya ce 'ya'ya nawa na haifa, nawa ke raye. Babanku ya ɗago ya kalle ni. Na ji tsoron in na ce huɗu zai tambayi sunan ta huɗun. Na ce, "Uku na haifa, uku ke raye." Ya rubuta, ya sha ruwa, ya hau dokinsa. Babanku ya ɗauki gatari ya yi ta faskare har hannunsa ya yi jini.

An ce a ƙidayar nan ɗari biyu da 'yan kai aka samu, mu duka 'yan Wailaki. Bayan shekaru wani malamin jami'a ya zo yana neman tsofaffin kalmomi. Ya ce mini kafin Turawa su zo, wasu sun ce mun kai dubu, wasu sun ce dubu uku. Ya tambaye ni ina suka tafi. Na ce ya je ya tambayi kakansa. Na kuma gaya masa ko sunan nan Wailaki da yake ta rubutawa ba namu ba ne, maƙwabtanmu na gabas ne suka laƙaba mana, wai masu maganar arewa. Mu Kuneste muke ce wa kanmu, wato mutane, shi ke nan. Na ji daɗin yadda kunnensa ya yi ja. Amma da ya tafi na zauna a bakin ƙofa ina tunani. Kakanninsa sun share mu da bindiga, ni kuwa na share 'yata da bakina, ba wanda ya sa mini bindiga.

Na biyar, Leland. Ɗana, sirdin babanka da wuƙarsa naka ne, da ɗakin gabas, ko za ka kwana a ciki ko ba za ka kwana ba. Kullum ina share shi.

Ka tuna ranar, ni ma ban manta ko ƙwayar magana ɗaya ba. Lahadi ce, watan Yuni na 1936, an tashi daga coci ana cin abinci a gindin itace. Ka zo da matarka Rosalie da jaririyar wata biyu, a cikin kwandon goyon da na saƙa muku da hannuna. Ka ɗora mini ita a cinya, na sunsuni kanta, na ce wane suna aka sa mata. Ka faɗa. Shekara ashirin da shida kunnena bai ji wannan sautin ba. Na miƙa maka ita kamar na riƙe garwashi. A gaban jama'a na ce, "Kabari ka tono ka kawo mini a cikin kwandon da na saƙa?"

Ka ce, "Mama, ita ta goye ni. Ko a takardar gwamnati babu ita. In ban kira ta ba, wa zai kira ta?"

Na ce ko ka canza sunan, ko kada ƙafarka ta sake taka gidana. Rosalie ta fashe da kuka, baiwar Allah, ba ta ma san laifin da aka yi ba. Kai kuwa ka sa hularka ka ce, "To Mama, ki zauna da shirunki." Na kuwa zauna da shi. Ka yi gadon taurin kaina, ba ka bar mini ko kaɗan ba.

Ga abin da na kasa faɗa maka ranar, don faɗarsa sai na yi maganarta. Yaro ana kiransa sau hamsin a yini. Zo ki ci abinci, sauko daga nan, ajiye wuƙar nan. Na ga 'yata, 'yar shekara goma sha ɗaya, ita kaɗai a kan hanya, ga shi daga can kudu ta taso, tafiyarta ta fi ta kowa tsawo. Duk sanda aka kira jaririyarka sai ta tsaya ta waiwayo, tana tsammanin ni ce. Sau hamsin a yini, kowace rana, har tsawon ran wani mutum. Yaushe za ta isa? Wannan ne ya haukata ni, Leland. Ban ƙi jininka ba, ko na minti ɗaya.

Ba na ce tsoron nan ƙarya ne ba, har yau ina jinsa a ƙirjina. Amma na daɗe ina juya maganarka. Da muna da yawa, in an yi shiru da suna yana nan a ajiye a kan mutum ɗari uku, ba ya ɓata. Yanzu yana kan tsohuwa ɗaya mai kumburin ƙafa. Da ba don kai ba, da ranar da aka binne ni an binne yayarka karo na biyu, kamar mutanen bukkokin nan. Kai ka gane haka kana da shekara talatin da uku, ni sai da na kai tamanin. Ka yafe mini, Kwaɗo. Ka ce wa Rosalie ma ta yafe mini.

Na shida, jikata, 'yar Leland. A ƙarƙashin gadona akwai gwangwanin fulawa, a cikinsa akwai kwando rabin saƙa, naɗe da tsumma. Naki ne. Ban ƙarasa shi ba, na cika alƙawari. Idella za ta nuna miki inda ake tono saiwar da yadda ake jiƙa ta. In kin ga dama ki ƙarasa, in ba ki ga dama ba ki bar shi haka.

Kin zo mini sau ɗaya, kina da shekara goma sha shida, ke kaɗai a motar wasiƙu, da takalman birni da suka cika da ƙura. Kin ce babanki ya ga ƙullin igiyar da aka ɗaure kifin nan ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, shi ya sa kika zo ki ga mai ƙullin. Da kika yi dariya na ga wushirya, sai da na dafa bango. Kwana uku kika yi. Kin daka mini ƙwaya da taɓaryar Inna har hannunki ya yi kanta, kin sha kunun kina yatsine fuska kina cewa ya yi daɗi, maƙaryaciya. Kwana ukun nan kaf "ke" nake ce miki, ko "yarinya", ko "'yar birni". Na ɗauka ba ki lura ba.

Ranar tafiya, mota na jira, kika riƙe mini hannu kika ce, "Kaka, ko sau ɗaya." Na san abin da kike roƙo. Sunan ya taso har maƙogwarona. Sai na tura miki ƙunshin kifi na ce, "Ki gaida mutanen gida." Kin shiga mota ba ki waiwayo ba, kuma kin yi daidai. Shekara shida ke nan, ba ranar da ban ga bayan kanki a tagar motar nan ba. A cikin duk abin da na yi a duniya, wannan ya fi ci mini rai.

Na bakwai, binne ni. A sa ni kusa da babanku. Ba na son akwati mai tsada, ba na son dogon wa'azi, ku ce wa fasto ƙafafun mutane na ciwo. A sa dutse, a rubuta sunana, a ƙarƙashinsa a rubuta na 'yata, da shekarun 1899 zuwa 1910, a ƙara da cewa 'yar Almira ce. Gwamnati ta riƙe littafinta, nawa dutsen zai ce huɗu. Sunan Inna na asali, na harshenmu, na rubuta shi a bayan takardar nan yadda kunnena ya ji shi. Ku koya wa yara.

Sannan ga umarnina, kuma kada wanda ya ce tsufa ne ya ruɗa ni: ku kira sunana. In Idella ta ƙona kunu, ku ce Almira da ta zage ki. In an haifi yarinya mai taurin kai, ku sa mata shi in kuna so. Ku bar ni in yi ta waiwaye. Ni ba ƙaramar yarinya ba ce, na saba da tafiya a hankali, ba kuma sauri nake ba.

Sati uku ke nan da na sa Idella ta rubuta muku zuwa Oakland, kai Leland da 'yarka. Kowace safiya ina jin ƙarar motar wasiƙu tun daga gada, tana zuwa tana wucewa. Ban ga laifinku ba. Na so in faɗi sunan a gabanki, jikata, ido da ido, amma na ga alamar ba zan samu ba.

Don haka jiya da hantsi na ja ƙafafuna zuwa gindin itacen bayan gida, na zauna a kan kututture, na juya fuskata kudu. Na buɗe baki sau uku, iska kawai ke fita. A na huɗu ya fito, da wata murya kamar ta tsohuwar ƙofa. Na jira in ga abin da zai faru. Ƙwaya ta ci gaba da zuba, wani tsuntsu ya ci gaba da surutunsa. Sai na sake kira da ƙarfi, yadda nake kiran 'yata daga rafi in abinci ya nuna. Shekara arba'in da takwas ina tsoron kada ta waiwayo. Yanzu so nake ta waiwayo. Ta tsaya, ta zauna a bakin hanya ta huta, ga ni nan tafe a bayanta, ba zan daɗe ba.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da nasu 'ya'yan. Allah ya sa ku yi yawa har mai ƙidaya ya gaji da rubutu. Orrin, kai ne babba, in kifi ya hau kogi ka tara su duka a gidan nan, kada kujerar kowa ta zauna babu mai ita. Kada ku sake barin wani ya fita ƙofar nan da fushi ya kwana shekara a waje. Mun yi kaɗan da za mu riƙa korar juna.

Idella, in kin iso nan ki tsaya. Ki ajiye muryar ƙetaren rafin nan, ki dubi yarinyar a ido, ki faɗa mata a hankali, a madadina, yadda ya kamata in faɗa a bakin mota.

Elnora. Elnora, jikata. Ki sauka lafiya, ki dawo mana da wuri.

Mahaifiyarku,
Almira Tolley